Muhammadu Buhari ɗan Sambo (Sarkin Haɗejiya)

Muhammadu Buhari ɗan Sambo, wanda aka fi sani da Sarki Buhari, sarkin Haɗejiya ne da ya hau gadon sarauta sau biyu: daga shekarar 1848 zuwa 1850, sannan daga 1851 har zuwa rasuwarsa a 1863. Shi ne ya fi shahara cikin sarakunan tuta da suka bijire wa Sakkwato a ƙarni na 19. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi, amma ya dawo da ƙarfin takobi, ya karya rundunar haɗin gwiwar masarautu a Kafur a 1853, ya kuma riƙe Haɗejiya a wajen ikon Daular Usmaniyya har tsawon shekara 12. Ya rasu a yaƙin da ya kai wa Gogaram, babban birnin Bade na wancan zamani.

Yawancin wuraren da rayuwarsa ta gudana suna cikin fadamar Kogin Haɗejiya, a Jihar Jigawa ta yau da kuma makwabciyarta Jihar Yobe, kuma har yanzu ɗalibai da masu sha'awar tarihi suna ziyartarsu.

Ƙasar Haɗejiya kafin Buhari

Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙasar da ake kira Haɗejiya a yau ba masarauta ɗaya ba ce. Ƙananan sarautu ne guda bakwai, kowace da sarkinta: Auyo, Haɗejiya, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa. Dukkansu suna ƙarƙashin Barno, kuma ta hannun Galadiman Barno da ke Nguru suke bi. Garun Gabas ita ce ake dangantawa da Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, Auyo kuwa tana cikin tsofaffin garuruwan yankin.

Fulani makiyaya sun daɗe suna shigowa wannan ƙasa saboda fadamarta. Kogin Haɗejiya yana cika da damina ya malale ya rufe ƙasa mai faɗi, idan ruwa ya janye sai ya bar ciyawa da danshi har cikin rani. Da jihadi ya tashi a 1804, shugaban Fulanin yankin, Umaru ɗan Abdure, ya yi mubaya'a ga Shehu aka ba shi tuta. Shi da ƙanensa Sambo ne suka ci waɗannan ƙananan sarautu ɗaya bayan ɗaya. Umaru ya rasu a 1808, ba da daɗewa ba sarauta ta koma hannun Sambo, wanda ya mai da garin Haɗejiya hedikwatarsa, ya faɗaɗa ganuwarsa, ya kuma kafa gidan sarautar da ke mulki har yau.

Sabuwar masarautar ta zauna ne a bakin iyaka. Gabas da arewa ƙasashen Barno ne da masu yi mata biyayya, irin su Gumel da Machina da Bade. Yamma Kano ce, kudu kuma Katagum. Wannan zama na kan iyaka ya sa Haɗejiya ta tashi da shirin yaƙi kullum, ya kuma ba sarkinta abin da sarakunan tsakiyar daula ba su da shi, wato wata ƙofar da zai iya ƙwanƙwasawa idan ya saɓa da Sakkwato.

Asalinsa da hawansa sarauta

Buhari ɗaya ne daga cikin 'ya'yan Sarki Sambo. Ya taso a gidan sarauta a lokacin da mahaifinsa ke kafa mulki da yaƙi, ya riƙe sarautar Ciroma, ya kuma yi suna tun yana saurayi da jarumtaka da zafin zuciya.

A 1845 Sambo, da tsufa ya cim masa, ya yi murabus ya bar wa ɗansa Garko. Garko bai daɗe ba ya rasu a 1847, ƙanensa Abdulƙadir ya gaje shi, shi ma ya rasu a 1848. Cikin shekara uku gidan ya rasa sarakuna biyu, sai maganar gado ta sake tasowa. Ruwayoyin baka na Haɗejiya sun nuna cewa Sambo ya fi son ɗansa Ahmadu ya hau, amma Buhari ya riga shi, domin manyan bayin sarki da mayaƙa suna bayansa. Da Sambo ya rasu a wannan shekara, Buhari ne ke riƙe da fada. Sakkwato ta amince da naɗin, ko da yake ba da son ranta ba.

Saɓani da Sakkwato

A tsarin Daular Usmaniyya, sarkin tuta yana da 'yancin gudanar da ƙasarsa, amma akwai iyaka. Sarkin Musulmi ne ke tabbatar da naɗi, shi ake kai wa gaisuwar shekara, kuma idan ya kira sarki dole ya amsa. Masarautun gabas kuwa, ciki har da Kano da Katagum da Haɗejiya, Wazirin Sakkwato ne ke kula da al'amuransu.

Abin da ya haɗa Buhari da Sakkwato shi ne kisan Sarkin Auyo Nalara, ɗan'uwansa na jini, wanda yake ganin zai iya zame masa kishiya a kan sarauta. Kashe babban basarake ɗan gidan tuta ba tare da shari'a ba laifi ne da Sakkwato ba za ta kau da kai a kansa ba. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, ya nemi Buhari ya zo ya yi bayani, Buhari ya ƙi zuwa. Sai aka tura Waziri Abdulƙadir ɗan Gidado zuwa gabas. Wazirin ya sauka a Katagum ya aika a kira shi, nan ma ba a daidaita ba. A 1850 Waziri ya tuɓe Buhari, ya naɗa Ahmadu, da taimakon dakarun Kano. Buhari bai tsaya a kama shi ba. Ya fice daga birni da mayaƙansa da dawakinsa, ya nufi arewa, wajen ƙasar Machina, inda hannun Sakkwato ba ya kaiwa.

Dawowarsa a 1851

Barno ba ta manta da ƙasashen da jihadi ya raba ta da su ba. Shehu Umar ɗan Muhammadu al-Kanemi, wanda ke mulki a Kukawa, ya ga dama ta samu ta raunana Sakkwato ba tare da ya fito da kansa ba, don haka aka bar Buhari ya zauna a ƙasar Barno ya tara mutane. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya bi ta Gumel kan hanyarsa ta zuwa Kukawa a farkon 1851, ya ambaci Buhari a littafin tafiyarsa, da irin fargabar da shirinsa ya jefa mutanen yankin a ciki.

A wannan shekara Buhari ya juyo kan Haɗejiya. Aka gwabza a Takoko, ya ci nasara, aka kashe Ahmadu bayan mulkin da bai wuce shekara ɗaya ba. Buhari ya koma fadar mahaifinsa. Daga nan lamarin ya wuce rikicin gado na cikin gida. Wanda aka kashe sarki ne da Wazirin Sakkwato ya naɗa da hannunsa, wanda ya hau kuma mutum ne da Sarkin Musulmi ya tuɓe. Idan aka bar shi haka, kowane ɗan sarki mai dakaru a sauran masarautu ya ga hanya.

Yaƙin Kafur

A 1853 Sakkwato ta haɗa babbar runduna domin yaƙar Buhari. An tara mayaƙa daga Kano, Katagum, Misau, Jama'are, Bauchi da Zazzau. Waziri Abdulƙadir ne shugaban tafiyar, dakarun Kano kuwa, waɗanda suka fi yawa, suna ƙarƙashin Galadima Abdullahi ɗan Ibrahim Dabo, wanda daga baya ya zama Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi.

Rundunar ta tunkari Haɗejiya ta kudu, tana sa ran Buhari zai kulle ƙofofi ya fake a bayan ganuwa a yi masa zobe. Bai yi haka ba. Ya fito da mayaƙansa, waɗanda suka san kowace mashigar ruwa da kowane kurmi na fadamar, ya faɗa wa rundunar a kusa da ƙauyen Kafur ta inda ba ta zata ba, tun kafin ta gama shirya sahu. Rundunar da aka haɗo daga masarautu dabam-dabam, kowane ɓangare da shugabansa, ba ta iya tsayawa wuri ɗaya ba. Sai ta watse, kowa ya kama hanyar garinsu, aka bar wa Haɗejiyawa dawaki da makamai da kaya masu yawa.

Wannan karo, wanda ake kira Gamon Kafur a Haɗejiya, shi ne ƙoƙari na ƙarshe da Sakkwato ta yi na cire Buhari da ƙarfi. Akwai dalilan da suka hana a sake haɗa irin wannan runduna. A arewa maso yamma Gobirawa da Katsinawan Maraɗi ba su daina kai hari ba, Kabawa sun tayar da yaƙi a yamma, sannan a kudancin Kano mutanen duwatsun Ningi sun fara zama barazana ga Kano da Bauchi da Zazzau. Daular tana da wuta a wurare da yawa a lokaci guda.

Mulkinsa bayan Kafur

Shekaru goman da suka biyo baya su ne ganiyar ƙarfin Buhari. Bai kai gaisuwa Sakkwato ba, kuma bai zama bawan Barno ba, duk da taimakon da ya samu daga can. Ya yi ta kai hare-hare gabashin ƙasar Kano da ƙasashen Katagum da Misau da Jama'are. Ƙauyuka da dama sun tashi, mutane suka koma garuruwa masu ganuwa, gonaki suka koma daji. Waɗanda aka kama a yaƙi, da yawansu Musulmi ne talakawan daula, an mai da su bayi, wasu aka sayar, wasu aka zaunar da su a ƙasar Haɗejiya. Wajajen 1860 ya ci Marma, wata ƙaramar sarauta da ke gabas cikin fadama, ya haɗe ta da ƙasarsa.

A cikin gida, Buhari ya jingina mulkinsa ga bayin sarki fiye da 'yan'uwansa na jini. Wanda ya hau ta hanyar da ya hau, ya kuma ga abin da ya faru tsakaninsa da Nalara da Ahmadu, ba zai saki jiki da 'ya'yan sarki ba. Bawa kuwa ba shi da haƙƙin gado, darajarsa duka daga ubangidansa take. Cikin waɗanda suka yi fice akwai Sarkin Arewa Tatagana da Sarkin Yaƙi Jaji, waɗanda suka jagoranci dakarunsa, suka kuma yi ƙarfin da har bayan ransa su ne masu faɗa a ji a fada.

Yanayin ƙasar ma ya taimake shi. Da damina ruwa kan kewaye yawancin hanyoyin shiga Haɗejiya, dokin baƙo ba ya iya ratsa laka da rafuka. Da rani kuma, lokacin fita yaƙi, fadamar na ba dawakin Haɗejiya ciyawa, tana ba mutanenta kifi da hatsi, a daidai lokacin da wasu ƙasashe ke fama da ƙarancin abinci.

Rasuwarsa

Gabas da Haɗejiya akwai ƙasar Bade. Badawa sun sha wahalar hare-haren makwabta, har Lawan Babuje ya haɗa kansu ya gina Gogaram, birni mai ganuwa a cikin kurmi da fadama. A zamanin ɗansa Mai Alhaji ne Buhari ya kai wa birnin yaƙi a 1863. Irin kariyar da ta tsare Haɗejiya daga rundunar Sakkwato, wato ganuwa da ruwa da sarƙaƙiya, ita ce ta tsare Gogaram daga Buhari. An harbe shi da kibiya a wannan yaƙi, raunin ya zama ajalinsa, dakarunsa suka juya gida ba tare da sun ci garin ba.

Bayan rasuwarsa

Tatagana da Jaji suka tsaya wa ɗansa Umaru, wanda yake matashi, ya hau sarauta. Bai wuce shekara biyu ba baffansa Haru ɗan Sambo ya karɓe mulki a 1865, ya riƙe har 1885. A zamanin waɗannan magada ne Haɗejiya ta koma yi wa Sakkwato biyayya, amma ta koma ne da faɗin ƙasa da ƙarfin soja fiye da yadda Buhari ya same ta. Ɗan Haru, Sarki Muhammadu, shi ne ya ƙi miƙa wuya ga Turawan Ingila, aka kashe shi tare da manyan mayaƙansa a cikin birnin Haɗejiya a watan Afrilu na 1906, abin da ya sa ake kiransa Mai Shahada.

Yadda ake tunawa da shi

Hukuncin da ake yi wa Buhari ya danganta da inda mai magana yake tsaye. A Haɗejiya ana ɗaukarsa gwarzon da ya hana a raina ƙasar, kuma sunansa na cikin kirarin fada da waƙoƙin makaɗa. A ruwayoyin Sakkwato da Kano da Katagum kuwa ɗan tawaye ne wanda ya kashe 'yan'uwansa, ya saɓa wa Sarkin Musulmi, ya bautar da Musulmi. Dukkan ɓangarorin biyu suna da abin kafa hujja a cikin tarihinsa.

Masana tarihi na zamani suna kallon tawayensa a matsayin ma'aunin ƙarfin Daular Usmaniyya a tsakiyar ƙarni na 19. Ya nuna cewa Sakkwato ba ta da rundunar dindindin ta kanta, ikonta a kan sarakuna ya dogara ne ga girmamawa da yardar sauran masarautu su ba da dakaru. Amma ya nuna wani abu kuma: babu masarauta ko ɗaya da ta bi sahunsa, kuma da ya kau Haɗejiya da kanta ta koma. Victor Low ya tattara ruwayoyin baka na Haɗejiya da Katagum da Gombe a littafinsa na 1972, wanda ke cikin ayyukan da ake komawa gare su kan wannan zamani.

Wuraren tarihi da ake ziyarta

Masarautar Haɗejiya ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas na Jihar Jigawa: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Wanda ya sauka a garin Haɗejiya zai iya zaga yawancin wuraren da suka shafi tarihin Buhari cikin kwana biyu ko uku. Lokacin da ya fi dacewa shi ne na hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya janye, hanyoyin ƙauyuka suka bushe, zafi kuma bai sauka ba.

Birnin Haɗejiya. Fadar sarki tana tsakiyar tsohon gari, kusa da babban masallaci, kuma nan ne mazaunin zuriyar Sambo har yau. Ana neman izini a ƙofar fada kafin a shiga, kuma a wurin fadawa da dattawan unguwa ake samun labarin sarakunan da suka shuɗe. Ganuwar da rundunar 1853 ta yi niyyar yi wa zobe ta ƙasa ce, ruwan sama da gine-gine da masu ɗibar ƙasa sun cinye mafi yawanta. Abin da ya rage sai guntaye da gurbin ƙofofi, da sunayen unguwanni irin su Sabon Garu da Kasuwar Ƙofa waɗanda ke nuna inda garu da ƙofa suke a da. A garin kuma akwai kabarin Kyaftin Phillips, Baturen da Haɗejiyawa ke kira Mai Tumbi, wanda ya shafi labarin 1906. Hawan sallah, ƙarama da babba, shi ne lokacin da ake ganin dawaki da lifidi da kayan yaƙi irin na zamanin da.

Kafur. Ƙauyen yana kudu da Haɗejiya, ba nisa. Filin yaƙin gonaki ne a yau, amma mai ziyara zai ga yadda ƙasar take, ya gane abin da ya sa baƙuwar runduna ta rikice a cikinta.

Auyo. Garin Sarkin Auyo Nalara, wanda kisansa ya buɗe rikicin. Ya girmi masarautar Fulani da ƙarnoni, kuma shi ne mazaunin Auyokawa, waɗanda harshensu ya ɓace, Hausa ta maye gurbinsa.

Garun Gabas. Yana cikin ƙaramar hukumar Malam Madori, arewa da Haɗejiya. Masu bin tarihin Bayajida da Hausa Bakwai suna zuwa nan saboda dangantakarsa da Biram.

Baturiya da Marma. Dukkansu suna ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, cikin dausayin Haɗejiya da Nguru. Dajin Baturiya mafakar tsuntsaye ce, da hunturu tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga Turai da Asiya kan sauka a nan da yawa. An sanya tafkin Nguru da mashigar ruwan Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, Baturiya kuma a 2008. A wasu wurare sai da kwalekwale ake shiga.

Gogaram. Yana Jihar Yobe, a ƙaramar hukumar Jakusko. Hedikwatar masarautar Bade ta koma Gashuwa, amma ragowar ganuwar Gogaram tana nan, kuma a yankin ake yin bikin kamun kifi da al'adun Bade. Mafakar tsuntsaye ta Dagona, wadda ke cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, tana wannan ɓangare.

Fadamar da ta ciyar da dakarun Buhari ta canza sosai. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992, dukkansu a Jihar Kano, sun sauya yadda kogin ke cika da janyewa. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, wasu wurare suka bushe, wasu kuma ambaliya ke cinye su, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Ambaliyar da ke rushe gidaje da gonaki ita ce kuma ke zaizaye abin da ya saura na tsofaffin ganuwoyin ƙasa a yankin.

Duba kuma

Masarautar Haɗejiya
Daular Usmaniyya
Aliyu Babba
Abdullahi Maje Karofi
Masarautar Bade
Dausayin Haɗejiya da Nguru